Ku Gaya wa Kwamfuta Cewa a Gwagwalada Take

Ƙannena masu koyon zanen gini,

A watan Maris, lokacin da zafin Gwagwalada ke hana mutum taɓa ƙarfen get da rana tsaka, wani saurayi ya shigo mini ofis rungume da laftof. Gida ya zana wa kawunsa a wani fili da ke Kutunku, yana so in sa masa ido kafin ya kai. Hoton ya yi kyau, wannan ba na musu. Falo ne mai gilashi tun daga ƙasa har silin, ciyawa kore shar, ga wata Baturiya tana jan kare a ƙofar gida. Inuwar ginin ta miƙe doguwa, hasken kuma mai laushi, irin wanda ba mu taɓa gani a garin nan da azahar ba. Na tambaye shi ina yamma take a hoton. Ya yi shiru. Na ce to wace rana ce wannan da ke haska gidan? Ya ce, "Yallaɓai, ai wadda ta zo a cikin manhajar ce."

Gaskiya ya faɗa. SketchUp, in ba ka gaya mata inda ginin yake ba, ɗauka take yi a Boulder yake, wani gari a jihar Colorado ta Amurka inda aka ƙirƙire ta a shekarar 2000. Boulder na kan digiri 40 arewa da layin ikwaita, Gwagwalada kuwa ba ta ma cika 9 ba. Da muka ɗora zanen a kan takardar safiyo, sai ga babban gilashin nan yana kallon yamma ƙiri-ƙiri. Da an gina shi haka, daga la'asar zuwa magariba kawun nan a tsakar gida zai riƙa karɓar baƙi, falon kuma a bar wa masu gasa burodi.

Duk manhajojin nan da kuke fama da su baƙi ne a wajenmu. AutoCAD ta fito daga Amurka a 1982, ArchiCAD daga Hangari, V-Ray daga Bulgeriya, Lumion daga Holan. Kowace ta taho da zaton garinsu: ranarsu, ma'auninsu, wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa, iskar da babu ƙura a cikinta. Mu kuwa a al'adarmu, in ka sauki baƙo, kafin komai sai ka nuna masa alƙibla, ka nuna masa inda buta take. Yawancin abin da kuke kawo mini kuna cewa "ta ƙi yi" ko "ta haukace," in na bincika sai in tarar an sauki baƙuwa ne ba a nuna mata komai ba, aka kuma koma ana zagin kwamfuta. An bar jaki ana dukan taiki.

Bari in daɗe a kan maganar rana, don ita ce ta fi yi wa mazauna gidan illa bayan an manta da ku da hotonku. A nan, sau biyu a shekara rana ke tsayawa daidai tsakiyar ka: wajen tsakiyar Afrilu, da kuma ƙarshen Agusta. Tsakanin waɗannan lokutan biyu, da tsakar rana ta ɓangaren arewa take, sauran watannin kuma ta kudu. Ko a Disamba da ta fi yin ƙasa, da tsakar rana tana kusan digiri 58 a sama. Ma'anar wannan a aikace, baranda ko ɗan bakin rufi da ya fito ya ishi bangon arewa da na kudu inuwa. Gabas da yamma su ne masifar, don ta nan rana ke zuwa a kwance ta shige ƙarƙashin kowane irin rufi. Shi ya sa in fili ya ba da dama, dogon gefen gida ya kalli arewa da kudu, yamma kuma a jera mata sito, matakala, banɗaki, da ƙananan tagogi. Bidiyoyin da kuke koyo da su a YouTube galibi mutanen ƙasashen sanyi ne suka yi su, masu neman yadda rana za ta shigo musu ɗaki. Ku koyi danna maɓalli a wajensu, amma kada ku karɓi shawarar inda za a sa taga.

Gyaran bai kai minti biyu ba. A SketchUp ku shiga Geo-location, ko ku rubuta da hannu: digiri 8.9 arewa, 7.1 gabas, lokaci kuma awa ɗaya gaba da na Girinwic. A Revit yana ƙarƙashin Manage, a Location. Sai dai Revit tana da arewa biyu, Project North wadda ita ce saman takardarku kawai, da True North wadda ita ce arewar Allah da Annabi, kuma da ta biyun take lissafin inuwa. Bayan kun daidaita, ku duba inuwar 21 ga Yuni da ta 21 ga Disamba, sannan ku duba ƙarfe huɗu na yamma a watan Maris. Wannan ta ƙarshen ita ce alƙalin gida a Gwagwalada. Arewar nan kuma da ita ake fitar da alƙibla. Muna cewa "gabas" a baki, amma daga nan Ka'aba tana wajen digiri 65 ne daga arewa zuwa gabas. Wanda arewarsa ta karkace a kwamfuta, ɗan masallacin da ya sa a ƙofar gida zai karkace, kuma zai iya dasa wa mai gida mazaunin banɗaki yana fuskantar inda ba ya so.

Takardar safiyo da na ambata ita ma tana da nata tarkon, kuma na ga ya kama har waɗanda suka daɗe a aikin. Safiyo zai turo muku fayil ɗin fili, ku jawo shi cikin SketchUp ko Revit ko Rhino, ku fara gini a kai. Can sai layuka su fara rawa in kun matso kusa, da'ira ta koma mai kusurwa, linzami ya ƙi kama bakin bango, wani sashen ginin ya riƙa ɓacewa in kun juya shi. Nan take sai a ce katin hoto ne ya lalace, a nufi Zuba ko Wuse neman wani. Lafiyarsa ƙalau. Safiyo yana aiki ne da lambobin taswirar ƙasa, a shiyya ta 32 ta tsarin UTM, inda ake ƙirga arewa tun daga ikwaita. Fili a Gwagwalada lambarsa ta arewa tana dab da mita 990,000, ta gabas kuma wajen 290,000. Wato gidanku yana zaune kusan kilomita dubu daga cibiyar da manhajar ke fara ƙirge. Katin hoto kuwa lambobi kamar bakwai yake iya riƙewa daidai. In ya ƙarar da shida a kan nisan, me ya rage wa milimita? Autodesk da kanta ta ce a ajiye komai na Revit cikin kilomita 16 daga cibiya. Don haka ku adana fayil ɗin safiyo na asali kada ku taɓa shi, ku yi kwafi, ku zaɓi kusurwa ɗaya ta filin, ku jawo ta zuwa 0,0, ku rubuta lambarta ta gaskiya a gefe. Masu Revit su koyi Survey Point, don saboda wannan aka yi shi.

Daga nan sai ma'auni. Mu dai Allah ya haɗa mu da ma'auni biyu a baki ɗaya. Mai fili zai ce hamsin ne a ɗari, yana nufin ƙafa. Mai bulo zai ce inci tara ko inci shida. Safiyo yana zane da mita, mu kuma da milimita. In kun jawo zane kuka ga ya zama ɗigo, ko ya cika duniya, kada ku kama ja da ido har ya yi kama da daidai. Ku auna abu ɗaya da kuka san tsawonsa, kamar ƙofar ɗaki mai 900. In ta nuna 0.9, mita ce, a ninka da 1,000. In ta nuna wajen 35, inci ce, a ninka da 25.4. A AutoCAD umarnin UNITS shi ke faɗa wa manhaja da wane ma'auni za ta karɓi baƙon zane. Ku kuma zana bango da kaurin bulon da ake bugawa a garin nan, 225 da 150, tsawonsa 450. Bangon 200 da ke zuwa a samfurin Revit babu mai buga bulonsa a unguwar Dagiri, kuma 25 ɗin nan da kuka raina, in ta taru a bango huɗu, ita ce ke sa tayil ya ƙi cika ko ƙofar kicin ta bugi kanta.

Yanzu wuta. Ni a Zariya na yi karatu, a sashen zanen gini da ya fi kowanne daɗewa a ƙasar nan, zamanin allon zane da alƙalamin tawada na Rotring. In fitila ta mutu zanenka yana nan a kan allo yana jiran safiya. Ku kuwa aikin kwana uku na iya tafiya a ƙiftawar ido, musamman mai laftof ɗin da batirinta ya riga ya mutu tana rayuwa da waya kamar majinyaci da ƙarin ruwa. Ku san halin kowace manhaja tun kafin ranar kuka. AutoCAD tana adana wa kanta duk minti 10, a wani fayil mai ƙarewa da sv$, tana kuma barin wani mai ƙarewa da bak kusa da zanenku. Kowannensu in aka canza masa wutsiya zuwa dwg zai buɗe. Umarnin DRAWINGRECOVERY zai nuna muku abin da ya tsira, RECOVER kuma yana buɗe fayil ɗin da ya ji rauni. SketchUp tana barin nata mai wutsiyar skb. Revit kuwa ba ta adana wa kowa komai. Tunatarwa kawai take yi, ku kuma kun saba korar tunatarwar kamar ƙuda. Abin da take bari shi ne kwafin adanawar da kuka yi a baya, masu lamba 0001, 0002, ba kuma da yawa ba. Saurayin nan na Kutunku ya taɓa goge su duka wai suna cika masa wuri.

Ku riƙa sa kwanan wata a sunan fayil. "Na ƙarshe," "na ƙarshe sosai," "na ƙarshe wallahi," duk na gan su a kwamfutocinku, kuma ba wanda ya san wanne aka kai wa mai gida. Kowane dare kwafi ɗaya ya fita daga laftof ɗin, ko zuwa filashi, ko ku tura wa kanku ta imel in data ta samu. Laftof ana sace ta a mota tsakanin nan da Area 1, ba sai wuta ta ɗauke ba.

Zafi da ƙura su ne abin da babu littafin manhajar da zai gaya muku. Gwagwalada tana kwari in aka gwada ta da tsakiyar Abuja, zafinta a bazara yakan doshi digiri 40. Kwamfuta in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ya sa rendar da ta ɗauki minti ashirin da asuba za ta ci awa da azahar, ko na'urar ta mutu ana tsakiyar aiki. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka a hankali har ta zama kamar auduga. Bayan kowane hunturu a buɗe a share. Kada a ɗora laftof a kan katifa ko sallaya, a ɗaga bayanta iska ta shiga. A yi renda tana jone da wuta, don a kan batiri rabin ƙarfinta take bayarwa. Sannan laftof da yawa katin hoto biyu gare su, ƙarami na Intel da babba na Nvidia, kuma Windows takan tura aikin ga ƙaramin. Mutum ya ci bashi ya sayi doki, yana ta sukuwa a kan jaki bai sani ba. A saitin Graphics na Windows ake zaɓa wa Lumion ko Enscape ko Twinmotion babban.

In matsala ta zo, abu na farko shi ne ku karanta abin da manhajar ta rubuta. Na sha tsayawa a bayan ɗayanku saƙo ya fito ya rufe shi kafin in kai ƙarshen layin farko, sannan ya juyo ya ce mini bai san abin da ya faru ba. Ta gaya maka, ka toshe mata baki. Ku ɗauki hotonsa da waya, ku nemi kalmomin yadda suke a intanet, da wuya a ce ku ne na farko. Na biyu, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Mai canza biyar a tare, ko ya dace ba zai san wanne ya yi magani ba, gobe kuma zai sake faɗawa. Na uku, ku raba gardama: a wannan fayil ɗin ne kawai, ko har a sabo fil? In sabon yana lafiya, ciwon na fayil ne. Ku yi kwafi, ku goge rabin ginin, ku gwada. In ya warke, ɓarnar tana rabin da aka goge. Ku sake raba wancan biyu. Kafin sau goma kun kama ɓarawon, kuma sau da yawa wata kujera ce ko bishiya da aka sauko da ita daga 3D Warehouse, wadda ita kaɗai ta fi gidan duka nauyi. PURGE da AUDIT a AutoCAD, Purge Unused a Revit da SketchUp, shara ce ta mako-mako.

"Ya ɓace" ita ce kalmar da na fi ji daga masu Revit. Bai ɓace ba. Ku danna ɗan ƙwan fitilar da ke ƙasan allo, zai nuna duk abin da aka ɓoye. In ba ya nan, ku duba Visibility/Graphics, sannan View Range. Fulan a Revit yanka ne, kamar an sa wuƙa an yanke gidan a tsayin 1,200 ana leƙawa daga sama. Tagar banɗaki da ke 1,800 tana saman wuƙar, dole ba za ta fito ba sai an gyara wurin yankan. A SketchUp kuma, wanda bai maida bango da rufi kowanne ƙungiyarsa ba, komai zai manne da komai kamar danƙo, ya ja taga rufi ya biyo ta. Fuskar da ta fito shuɗi-shuɗi a juye take, wasu manhajojin renda za su nuna ta baƙa ko su huda ta. Inda kuka ga bango yana walƙiya kamar tsohuwar talabijin, fuska biyu ne a wuri ɗaya suna faɗa, a goge ɗaya.

Renda ba zan daɗe a kanta ba, don kun fi ni son ta. Ku gwada da ƙaramin hoto kafin babba. Ku ajiye kyamara a tsayin idon mutum, wajen 1,600, layukan tsaye su tsaya a tsaye. In za ku kai aikin wata kwamfuta, ku tafi da hotunan tayil da fenti a jaka ɗaya da fayil ɗin, in ba haka ba gidan zai buɗe fari fat. Ku sa darbejiya da mangwaro da mutanen da suka yi kama da masu gidan. Ku kuma nuna tankin ruwa, ɗakin janareto, wurin shanya da inda za a girka tukunyar suna, tunda dai za a yi su, gara a gan su tun yanzu. Hukumar da ke ba da izinin gini a Abuja ba hoto take sa wa hannu ba. Zanen aiki take dubawa, mai hatimin wanda ARCON ta yi wa rajista, da na injiniya mai rajistar COREN. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Waɗanda suka fara taɓa Grasshopper da Dynamo su ne suka fi ba ni sha'awa, su ne kuma suka fi saurin karaya. Grasshopper wani ɗan Holan, David Rutten, ya fito da ita a 2007 don Rhino, Dynamo kuma ta Revit ce. A nan ba gini kake zanawa ba, ƙa'idar ginin kake ɗaurawa da akwatuna da wayoyi: in faɗin ɗaki ya zama kaza, tazarar ginshiƙai ta zama kaza. Kada wannan ya zame muku abin tsoro, don maginanmu sun daɗe da irin tunanin. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, ya san iyakar tazarar da azara za ta ɗauka kafin ta lanƙwashe. Daga wannan iyakar ne ake fitar da yawan bakan gizo, da yadda za su haɗu a ɗaurin guga, da kaurin bangon da zai tare su. Ka canza faɗin soro, sauran duk su bi. Abin da kuke yi da wayoyi kenan, sai dai shi a ka yake riƙe da shi.

Inda ake faɗuwa a Grasshopper kusan kullum wuri ɗaya ne, wato yadda bayanai ke jere. Ku ɗauka kuna kasuwar Gwagwalada da tumatir. Jeri ɗaya kwando ɗaya ne. Abin da suke kira bishiyar bayanai kwanduna ne da yawa, kowanne da lambarsa. Flatten juye kwandunan duka ne a tabarma ɗaya. Graft kuma ba kowane tumatiri nasa kwandon. Manhajar tana haɗa kwando da kwando, sannan ɗaya da ɗaya a ciki. In kun yi Graft inda bai dace ba, maki 100 da kuke so su haɗu da wasu 100 su ba ku layi 100, sai kowanne ya haɗu da kowanne ku samu 10,000, allo ya cika da gizo-gizo, kwamfuta ta sandare. Ba a gane wannan da kallon wayoyi kaɗai. Ku rataya Panel a bakin kowane akwatin da kuke zargi, ku ga abin da ke fitowa da idonku, ku kuma fara daga hagu, don akwatin da ya yi ja sau da yawa gubar daga baya aka miƙo masa. Ruwan lemo gargaɗi ne, ja kuskure ne, ɗan kumfan da ke kusurwar akwatin kuma yana ɗauke da dalili in za ku karanta. Kafin ku jona waya mai nauyi, ku kulle Solver. A Dynamo ku maida ita Manual daga Automatic tun kafin ku taɓa komai, ku kuma gwada a kwafin fayil, don ita kai tsaye take rubutu a cikin gininku, ba ta jin kunyar sauya sunan ɗakuna 200 a bugu ɗaya. Abin da take kira Lacing shi ne wancan lissafin haɗa jeri da jeri, Watch kuma shi ne Panel ɗinta.

In kuna neman aikin gwaji da zai amfane ku, ku bar ginin da ke murɗewa kamar igiya, babu mai ba ku shi a nan kusa. Ku ɗauki bangon bulo mai huda na yammacin baranda, ku sa girman hudar ya bi ƙarfin rana, ko ku fitar da dagi daga jerin bulon. Ladybug, wadda kyauta ce a Grasshopper, za ta zana muku hanyar rana da iskar Abuja a kan ginin. Sharaɗi ɗaya: abin da ya fito ya zama birkila zai iya jera shi da igiya da ma'aunin ruwa. Huda iri uku zai yi muku da murna. Iri tamanin kuwa zai ce to, ya yi yadda ya ga dama bayan kun tafi.

Akwai maganar da ba ku son a yi, ta manhajar sata. Na san kuɗin lasisi da dala ne, na kuma san abin da ke aljihun ɗalibi. Amma Autodesk tana ba ɗalibai lasisin shekara kyauta, ana kuma sabuntawa muddin ana makaranta. Blender kyauta ce ga kowa tun 2002, kuma rendarta ba ta jin kunyar kowa. Wadda aka fasa kuwa sai an kashe mai gadin kwamfuta kafin ta shiga, abin da ya biyo ta kuma ba ya sallama. Ku lura da wani ɗan fayil mai suna acaddoc.lsp ko acad.lsp da ke bayyana a jakar zane ba ku kuka sa shi ba, musamman bayan filashi ta je shagon buga takardu ta dawo. Ta nan wata tsohuwar cutar AutoCAD ke yawo. Shagon bugu PDF ake kai masa. Ku kuma tsaya a kansa ku tabbatar an buga a girman asali, don in yaron shagon ya danna Fit, sikelin 1:100 ya tashi daga aiki, ko da yana nan a rubuce a ƙasan takardar. Kafin ku fara aiki da wani, ku tambayi shekarar Revit ɗinsa: fayil ɗin da aka adana a 2024 ba zai buɗe a 2022 ba, kuma babu hanyar mayar da shi baya, sai dai a fitar da shi ta IFC a yi asarar wasu abubuwa.

Abu ɗaya da ba zai taɓa fitowa a allo ba shi ne ƙasar kanta. Kogin Usuma ya ratsa garin nan, kuma duk wanda ya yi damina a nan ya san unguwannin da ruwa ke shiga. A kwamfuta, in ba ku gaya mata ba, kowane fili shimfiɗe yake kamar faranti. Ku je da ƙafarku, ku dubi alamar ruwa a katangar maƙwabta, ku tambayi dattijon da ya riga kowa zama a layin, sannan ku yanke tsayin daɓen gidan daga titi.

Saurayin nan ya dawo bayan mako biyu. Ya juya falon ya kalli kudu da baranda mai zurfin 1,800, ya tura sito da matakala yamma, Baturiya da karenta sun koma garinsu. Na ce ya buga mu je filin tare. A can muka sami tsohon birkilan da zai yi aikin, ya karɓi takardar ya juya ta sau biyu, ya sa babban yatsa a kan matakalar bene ya ƙirga. Ya ce, "Ɗana, daga ƙasa zuwa daɓen bene nawa ka sa?" Saurayin ya ce 3,000. "To taka goma sha biyar ka zana. Kowace ɗari biyu kenan. Hajiyar gidan nan da ciwon gwiwa take, na san ta." Yaron ya buɗe laftof a kan bulo, ya maida su ashirin masu 150, sai matakalar ta ƙara tsawo ta cinye ƙofar sito. Muka ja bulo uku muka zauna a inuwar mangwaron maƙwabci, shi da tsohon suna ta jayayya a kan inda ƙofar za ta koma, batirin yana kashi 18.